“Ku Kawo Shi Mu Gani”: Yaro Daga Nijar, Asibiti a Kano, Nauyi a Roni

A ƙasar Kazaure, daga Roni zuwa Gwiwa da 'Yankwashi, har ka gangara Babura, da wuya ka sami zuri'ar da ba ta da nata a hayin iyaka. Wata an kai ta aure Magarya, wani fatauci ya zaunar da shi a Matamaye, wasu kuma kakanninsu ne suka taso daga ƙasar Damagaram a wata shekarar yunwa suka bar sauran dangi can. Saboda haka akwai wata waya da kusan kowane magidanci a nan ya taɓa amsawa, ko ya ji an amsa a gabansa. Ƙanwa ce ke kira daga can, murya na rawa: “Yaya, jikin yaron nan ya ƙi. Lokotoro ya ce sai Yamai, mu kuwa ina muka ga halin Yamai?” Amsar ba ta sauyawa: “Ku kawo shi mu gani. Allah ya ba da lafiya.”

Ba na ganin laifin wannan amsa. Mutumin da 'yar'uwarsa ta kira tana kuka ba shi da wata amsar da zai bayar ya iya barci. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayanta. A baki, alkawarin na dangi ne gaba ɗaya. A aikace kuwa yakan tattare a kan mutum guda, galibi mai ɗan albashi, malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, tare da matarsa. Ranar da aljihunsa ya ƙare, ranar magani ke tsayawa. Yaron da aka fara wa magani aka bari a tsakiya, a cututtuka da dama, bai tsira da komai ba, ga shi an bar gida biyu da bashi, ɗaya a Nijeriya ɗaya a Nijar.

Dalilin da ya sa ake nufo nan bai da wuyar ganewa. Daga birnin Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Daga Damagaram zuwa Kano bai kai kilomita 250 ba. Turawan Ingila da na Faransa sun yi ta ja-in-ja a kan wannan iyaka, suka sa hannu a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan suka bi daji suna kafa turaku daga 1906 zuwa 1908, amma ba su juya akalar hanya ba. Mai fitowa daga Matamaye zai bi ta Kwangwalam ya faɗo Daura, daga nan Kazaure. Mai fitowa daga Magarya zai bi ta Babban Mutum ya shigo Babura. Duk hanyoyin Kano suka nufa, inda akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Yara na Hasiya Bayero, da Asibitin Ƙashi na Dala. Gidan kawu na Roni shi ne zango. A nan za a sauka, a kwana, a yi shawara, a nan kuma za a dawo tsakanin ranar ganin likita da wata.

Mataki-mataki ake hawa. A fara da asibitin da ke kusa, a wuce Babban Asibitin Kazaure, can a rubuta takarda a ce sai Kano. Kowane mataki da kuɗinsa: kati, gwajin jini, hoto, wani hoton da ya fi na farko tsada, gado, jinin da za a nemi masu bayarwa ko a biya kuɗin gwajinsa, sai kuɗin aiki, sai kayan aikin da za a ba ka takarda ka je kemis ka sayo. Wannan shi ne kuɗin da ake gani. Wanda ba a lissafawa tun farko shi ke karya mutum: motar zuwa Kano da dawowa, wadda ta ninka tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, da abincin mai jinya sau uku a rana a garin da ba a noma, da ranakun aiki ko na gona da suka salwanta. In ciwon ya faɗo a damina, gonar ma sai ta ji a jikinta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun 2024. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin biyan kuɗi a babban asibiti ya san kwana nawa wannan kuɗi zai yi a hannu.

Akwai kuma wani sauyi da mutane da yawa ba su gama lura da shi ba, daga can har nan. An daɗe ana ɗaukar ɗan'uwan da ke Nijeriya a matsayin mai hali. A da akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, ba ta motsa ba. Ma'ana, ragon da aka sayar a kasuwar Magarya yau yana biyan kuɗin asibitin Kano fiye da yadda yake biya shekaru kaɗan baya, albashin kawu kuma ya ragu da ƙarfi a gaban magungunan da ake shigowa da su daga waje, musamman bayan manyan kamfanoni irin su GSK sun sanar da tattara nasu a 2023. Amma tunani bai bi kasuwa ba. Har yanzu ana sauke yaro a Roni da ɗan abin da bai wuce kuɗin mota ba, kunya kuma ta hana mai masauki ya ce wa mijin ƙanwarsa, “Malam, me kuka taho da shi?” Tambaya ce mai nauyi a baki. Rashin yin ta ya fi nauyi a mako na uku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yaron ke faɗawa tsakanin tsari biyu, ba tare da ɗaya ya tare shi ba. Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2006, duk da cewa jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe ya sha raunana tsarin. Da zarar an ƙetare iyaka, wannan haƙƙi ya tsaya a can. A nan kuma akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Akwai dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa da baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu. Jigawa tana da hukumarta ta JICHMA. Dukkansu an gina su ne a kan mazaunin da aka yi wa rajista tun kafin ciwo ya zo, mai suna a kundi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Yaron da ya kwana biyu da shigowa ba ya cikin kowane kundi. Ko da yana ciki ma, asusun matakin farko bai kai ga manyan cututtukan da ke sa a ƙetaro da yaro ba.

Daga nan ne jarrabawa ke shigowa. Wani zai ba da shawara a ɓoye: “Ka rubuta shi ɗanka mana, wa zai sani?” Sunan iri ɗaya ne, harshe ɗaya, har kamannin ma akwai. Na fahimci abin da ke kai mutumin kirki ga wannan, kuma ba zan tsaya ina yi masa wa'azi alhali yaro na kwance ba. Amma ƙarya ce, kuma tana da wutsiya. Ranar da ake neman sa hannun uba kafin a shiga tiyata, ko ake tambayar tarihin ciwo a wajen uwa da uba, ko Allah ya yi ikonsa ana neman takarda, sai ta dawo. Tana kuma ɓoye gaskiyar lamarin ga hukuma: muddin kowane yaron Nijar yana shiga kundi da sunan Roni ko Babura, babu wanda zai san yawansu, babu wanda zai yi musu tanadi.

Ya kamata kowa ya san cewa sashe na 20 na dokar 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar mutum a halin gaggawa bisa kowane dalili, kuma mutum dokar ta ce, ba ta ware ɗan ƙasa ba. Wannan kariya ce ta gaske ga yaron da aka shigo da shi yana suma ko jini na zuba. Sai dai cututtukan da muke magana a kansu ba na dare ɗaya ba ne. Sikila ce, wadda ake haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara a Nijeriya, mai neman magani da kulawa har ƙarshen rayuwa. Ciwon ƙoda ne mai neman wanki sau biyu ko uku a mako. Huda ce a zuciya. Ko kuma daji.

A kan ciwon daji na yara nake so in daɗe, don a nan ne illar tsayawa a tsakiya ta fi fitowa fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu wannan ciwo suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Cikin manyan dalilan da take kawowa akwai makara wajen gano ciwon da barin magani kafin a kammala. Wasu daga cikin dajin da ya fi kama yaranmu, irin mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, da na ƙoda, da na ido wanda ke fara nuna fari a ƙwayar ido, suna jin magani in an zo da wuri aka kuma bi zagayen allurai har ƙarshe. Abin tausayin shi ne yadda zagaye na farko da na biyu ke kawo sauƙi mai ban mamaki. Kumburi ya saɓe, yaro ya fara cin abinci, ya fita ƙofar gida wasa. Daidai lokacin ne kuɗi ke ƙarewa, daidai lokacin ne kuma uwa ke tuna yaran da ta baro. Sai a ce, “Ai ya samu sauƙi, bari a koma gida, in an girbe sai a dawo.” Kafin a girbe ciwon ya dawo da ƙarfin da maganin farko ba zai iya da shi ba. In kuma ana buƙatar gashi da na'ura, tafiya na iya ƙaruwa zuwa Shika a Zariya ko Sakkwato ko Abuja.

Idan ka ji an ce “za mu koma a gwada na gida,” kada ka yi saurin cewa jahilci ne. Sau da yawa talauci ne ke magana cikin ladabi. Mutum ba zai iya buɗe baki ya ce wa likita ko surukinsa “na gaza” ba, sai ya nemi kalmar da za ta rufa masa asiri. Likitan ya rubuta cewa sun tafi ba da izininsa ba, dangi na can su ce mutanen Roni ne suka gaji, na nan su ce ai an yi iya yi. Kowa yana da gaskiyarsa, kuma zumuncin da aka ƙetaro dominsa yakan fita da rauni. Akwai gidajen da aka daina gaisawa a waya bayan irin wannan.

Ba a cika ambaton matan da ke ɗauke da rabin wannan nauyi ba. Uwar yaron ta baro miji da sauran 'ya'ya, wataƙila da goyo a bayanta, ba ta jin Turanci, ba ta san Kano ba, tana kwana a tabarma a barandar asibiti. In ta kasa zama, jinya ta koma kan matar kawu, wadda ba da ita aka yi shawara ba ranar da aka ce “ku kawo shi.” Ita za ta bar sana'arta, ta ƙara hannu a tukunya, ta ga kuɗin makarantar 'ya'yanta ya tafi kemis, kuma ba ta da damar ko da nishi, don kada a ce ba ta son dangin miji. Magidancin da zai ɗauki irin wannan alkawari, ya fara shiga ɗaki ya ce, “Ga abin da ke tafe, za mu iya?” Haƙƙinta ne, kuma jinyar da aka shiga da yardarta ta fi daɗewa.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne kuɗin da ake ƙonawa a kan cututtukan da ake yi wa magani kyauta, don kawai babu wanda ya faɗa. Cutar noma, mai cin naman fuskar yara masu tamowa, tana da asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma ba a karɓar kuɗin aiki. Nijeriya ce ma ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. A cikin Damagaram kanta akwai cibiyar ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan da ta shafe shekaru tana kula da masu wannan ciwo. Yarinyar da ta gamu da yoyon fitsari wajen haihuwar fari tana da asibitin Jahun a nan Jigawa, inda MSF ke aiki tun 2008, tana da Babbar Ruga a Katsina, tana da Danja kusa da Maraɗi. Maganin tarin fuka kyauta ne a ƙasashen biyu. Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe akwai asibitocin da ke ɗinke shi kyauta da tallafin ƙungiyar Smile Train. A Yamai akwai asibitin CURE da aka buɗe a 2010 don yara masu naƙasar da tiyata ke gyarawa. Wani lokaci amsar da ta fi taimako ita ce, “Kada ku taho nan, ga inda za ku.”

Ƙungiyoyin da suka mai da ɗauko yara daga wata ƙasa aikinsu suna da abin koya mana. A Faransa akwai Mécénat Chirurgie Cardiaque, wadda likitar zuciya Francine Leca ta kafa a 1996. Tana ɗauko yara masu ciwon zuciya daga ƙasashe matalauta, Nijar na ciki, a sauke su a gidajen masu sa kai, a yi musu aiki, su koma gida. Yaro ba ya hawa jirgi sai an ga takardun likitansa an tabbatar aikin zai yi amfani, an san gidan da zai sauka, an san inda kuɗin zai fito. Mu ba mu da jirgi ko asusunsu, amma wannan tsari na tambaya kafin tafiya ba ya cin ko kwabo. Yau kusan kowane ƙauye akwai mai wayar da ke ɗaukar hoto. A ɗauki takardun asibitin Magarya ko Damagaram a turo ta WhatsApp, a kai wa ma'aikacin lafiya a Kazaure, a nemi wanda zai tambaya a Kano: mene ne sunan ciwon, ana maganinsa a nan, wata nawa zai ɗauka, kimanin nawa zai ci daga farko har ƙarshe? Kwana biyu ko uku wannan zai ɗauka. In ba gaggawa ba ce, kwanakin ba asara ba ne.

Bayan an san adadin, sai a tara dangi na ɓangarorin biyu, ko da ta waya ce, a faɗi kuɗin a fili. Baffa ya faɗi abin da zai iya duk wata, gwaggo ta faɗi nata, na Legas da na Agadas da na Libiya su faɗi nasu, uban yaro ya faɗi abin da zai sayar. A rubuta, a damƙa wa mutum ɗaya amana, ya riƙa ba da bayani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani tun muna yara, amma sai ka ga wajen biki ne muke iya wannan tsari, da anko da gudummawa da littafin suna, wajen ciwo kuma kowa ya kawo lemo da addu'a ya tafi. In lissafi ya nuna ko an haɗu ba za a kai ba, gara a sani tun yaro bai baro gida ba, a fara neman taimakon waje da wuri, a lokacin da likita zai iya cewa akwai fata.

Taimakon waje na farko da ya kamata a nufa shi ne zakka. Masarautun Jigawa suna da kwamitocin zakka da ke tattara hatsi da dabbobi da kuɗi duk shekara, kuma aikinsu abin yabo ne. Cikin rukunai takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa akwai matalauta, da waɗanda bashi ya danne, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Uwar da ta ƙetaro da ɗa marar lafiya ta shiga biyu daga ciki, kawun da ya ci bashi don jinya ya shiga ɗayan da ya rage, kuma babu inda aka sharɗanta takardar ɗan ƙasa. Malamanmu na Malikiyya sun fi son a raba zakka a inda aka tara ta, to yaron ai yana nan, a cikin garin yake kwance. Abin da nake roƙo shi ne a ware wani kaso na dindindin don jinya, wanda ba sai ranar rabon shekara ake taɓa shi ba, kuma a riƙa biyan kuɗin kai tsaye ga asibiti, zagaye bayan zagaye, har a gama. Ba da naira dubu ashirin ga mutum hamsin yana da daɗin sanarwa. Kammala maganin yara biyar ya fi shi amfani, ko da ba a ga taro ba. Manyan asibitoci kuma suna da sashen jin daɗin majinyata da ke duba halin marasa ƙarfi, mutanen ƙauye da yawa ba su san da shi ba.

Game da neman taimako a Facebook da gidajen rediyo, an ceci rayuka ta nan, ba na musu. Amma ina roƙon a daina yaɗa hoton yaro tsirara da ciwonsa a buɗe. Takardar likita da lambar asusun asibiti sun isa shaida. Yaron zai girma in Allah ya so, hoton kuma ba ya gogewa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce: namu ma ba su samu ba. Jigawa ba jiha ce mai kuɗi ba, likitocinta ba su da yawa, yaran Amaryawa da Zugai ma suna mutuwa da cututtukan da kuɗi kaɗan zai warkar. Me zai sa a ƙara da na wata ƙasa? Amsata ita ce hanyar nan ba gefe ɗaya take kai mutane ba. Shekara da shekaru iyaye mata daga jihar Katsina suna ƙetarawa Madarumfa da Ɗan Isa da yara masu tamowa, ana karɓarsu kyauta. A Magarya, inda MSF ke aiki tun 2005, sashen yara na asibitin yakan cika da ɗaruruwan yara a lokacin zazzaɓin damina, ga shi a bakin iyakarmu. Asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, ya daɗe yana ganin 'yan Nijeriya. In za a yi lissafin wa ya ci na wa, ba lallai mu fito da riba ba.

Gwamnatocin ma sun yarda da wannan idan cutar mai yaɗuwa ce. An sha haɗa ranakun rigakafin shan inna a ɓangarorin iyaka biyu, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Da sanƙarau ya ɓarke a jihar Damagaram a ƙarshen 2022, Jigawa ce ta fi kowace jiha a Nijeriya yawan waɗanda ake zaton sun kamu a wannan kakar. Mashaƙon 2023 ya addabi Kano, ya addabi Matamaye. A irin waɗannan lokuta jami'an lafiya na ɓangarorin biyu sukan nemi juna. Yaro mai sikila ko ciwon zuciya ba ya harbin kowa, shi ya sa ba a kiran taro dominsa.

Siyasa kuma ta ƙara dagula lamarin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A waɗannan watanni marasa lafiya ba su daina zuwa ba, sai dai sun koma bin hanyoyin daji a kan babur, da ƙarin kuɗi da ƙarin wahala, wasu kuma ranar komawarsu asibiti ta wuce suna can. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance a ƙarshen Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin jama'a su yi zirga-zirga ba biza har sai an ga abin da tattaunawa ta haifar. Wato 'yancin da yarjejeniyar 1979 ta bayar, na shiga a zauna kwana 90, yanzu a kan sanarwa yake tsaye. Iyalin da ɗansu ke da allura duk bayan mako uku a Kano ba za su iya dogara da abin da ka iya sauyawa da safiya ɗaya ba.

Ba sabuwar hukuma nake nema ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar tana nan tun 1971, da mazauninta a Yamai. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma ta Kazaure da Daura zai bi. Ƙasashen da suka iya wannan za su iya amincewa da takarda guda ta tura majinyaci, wadda asibitin Magarya ko Matamaye zai cike, jami'in bakin iyaka ya gane ta ya ba da hanya ko da an rufe wa manyan motoci, asibitin Kazaure ko Babura ya karɓa ya rubuta yaron da sunan garinsu na gaskiya. Gwamnatin Jigawa da ta jihar Damagaram za su iya fara gwada wannan a tsakaninsu, da sarakunan ɓangarorin biyu a matsayin shaidu, tunda su ba su taɓa daina zumunci ba.

Takardar kuma dole ta yi tafiya biyu, zuwa da komawa. Yau yaron da aka sallama daga Kano yana komawa da bayanin da aka rubuta da Turancin Ingila, ma'aikacin lafiyar ƙauyensu kuwa da Faransanci ya yi karatu. Sunan maganin a kwali daban, wani ma babu shi a kantin maganin can. Sai ka ga duk wata ana aiko da saƙo Roni a sayi magani a ba direba, ranar da kawu bai samu kuɗi ba ko direba bai tashi ba, yaro ya yi mako babu magani. Likitan da ya sallame shi da ma'aikacin da zai ci gaba da duba shi, sau da yawa dukkansu Hausa suke yi da majinyata. Shafi ɗaya da Hausa, mai ɗauke da sunan ciwon, da asalin sunan maganin da yawan da za a sha, da alamun da in an gani a dawo da gaggawa, da ranar komawa, da lambar wayar sashen da ya duba shi, zai wadatar. Kafin hukuma ta kai ga buga irin wannan, mai masaukin da ya raka yaro ranar sallama yana iya roƙon likita ya faɗa masa waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta da hannunsa, ya ba uwar kwafi, ya riƙe ɗaya a Roni.